Shari'ar da Hadari Ya Ƙi Jira

Kakanmu, Malam Ɗahiru, ya daɗe yana alƙalanci a ƙasar Isa da Sabon Birni, har gwamnati ta gaji da ganinsa ta ce ya je gida ya huta. Tun da ya yi ritaya ba shi da kotu sai zauren gidanmu, ba shi da masu laifi sai mu jikokinsa. Ko akuya ce ta ci dusar da ba tata ba, sai ya nemi shaidu biyu.

Rannan bayan la'asar ni Luba da yayana Sanusi muna gardamar aikin da za mu yi in mun gama makaranta. Sanusi ya ce shi alƙali zai zama, don bai ga aikin da ya kai shi sauƙi ba.

Na ce, "Gaskiyarka. Ka zauna a inuwa, ka gyara rawani, ka ce an ɗage shari'a, ka tashi ka ci tuwo. Dubi angona, har yau tafin hannunsa kamar na jariri."

Tsohon ya ajiye carbi. Ya ce, "Amarya, ke da bakinki ya riga ki zuwa duniya, shiga ɗakina ki ɗauko mini buhun da ke ƙarƙashin gado."

Na ɗauko. Wasu takalman taya ne a ciki, irin waɗanda in ka jefi kare da su sai ya kai ka ƙara. Ya jera su a gabansa, ya ce mu zauna. Abin da ke biye daga bakinsa ya fito. In kun ji gishiri ya ɗan yi yawa, hannuna ne ya zame.

*

A Isa na fara, wajen wani tsohon alƙali, Malam Mu'azu. Ni ne muhutinsa, wato mai zama a gefensa yana rubutu yana koyo. Shekara guda bai bar ni na buɗe baki a kotu ba. Kayan aikin ba su da yawa: buzun zama, babban littafin da ake rubuta shari'a, alƙalami da tawada, hatimi, sai takardun sammaci. Rubutun ne wahala. Mutum zai zo ƙarar an cinye masa gona, amma sai ya faro daga bikin kakarsa. Kai kuma dole ka tsamo maganar daga cikin surutun, ka rubuta ta yadda ya faɗa, ba yadda kake so ya faɗa ba, sannan ka karanta masa ya ce haka ne. Ran da na gyara wa wani makiyayi magana don ta yi daɗin karatu, Malam ya sa na kwafe shafin sau bakwai, ina yi yana gyangyaɗi.

Shi ya koya mini kallon shaida. Ya ce in bar kallon baki, baki ya yi shiri tun daga gida. In kalli yatsun ƙafa. Shi kuma ya koya mini i'izari, wato kada ka yanke hukunci sai ka juya ga wanda zai faɗi ka tambaye shi, "Kana da sauran magana?" In ka tsallake wannan tambaya, ko da gaskiya ka yanke, hukuncinka ya ɓaci.

Ran da aka ba ni kotu tawa na je yi masa sallama, ina zaton zai ba ni rawani. Sai ya miƙo mini takalman nan da kuke gani. Ya ce, "Ɗahiru, gona ba ta amsa sammaci. Kai za ka je mata." Na yi godiya, na jefa su ƙasan akwati. Ina da sau-ciki baƙi mai sheƙi, me za ni yi da taya?

Kotun da aka tura ni tana wani gari a ƙasar Sabon Birni, kuma a tsakiyar shekarun fari na isa. Damina biyu a jere gero na tsayawa iya gwiwa ya ƙone. Rumbuna sun buɗe baki. Mata na tona gidan tururuwa don su samu ƙwayar da za su dafa. Hanyar garin Turba in ka bi, gawar shanu ke nuna maka hanya. Shari'un ma sun canza. Da aure ne da gado. Yanzu satar ƙwaryar gero ce, da satar akuya. An kawo mini wani da ya saci ɗan akuya, na ce a fito da abin da ya rage, aka ce har fatar sun babbaka sun ci. To ka ɗaure shi. Shi zai samu abinci a gidan yari, har ya gode maka. Yaransa fa? Kai Sanusi mai neman inuwa, faɗa mini abin da za ka rubuta.

Shari'ar Arzika da Bawa ta zo mini a ƙarshen bazara. Maƙwabtan gona ne daga wani ƙauye kusa da Gangara. Tsakanin gonakinsu akwai ɗan kwari, faɗinsa bai fi taku ashirin ba, amma in an yi ruwa nan yake kwanciya. A shekarar ƙoshi ba mai kallonsa sau biyu. A shekarar fari nan ne kaɗai gero ke iya fitar da kai. Iyakar gonakin layin gamba ce, ciyawar nan da ake zana da ita, kamar yadda ake yi ko'ina a Gobir. To yunwa ta sa an yanke gambar an sayar, dabbobi sun cinye sauran har ƙasa, iska ta kwaso rairayi ta shafe wurin. Arzika ya yi gudun yunwa Kudu da iyalinsa. Da ya dawo sai ya tarar babu iyaka, Bawa kuma ya share kwarin yana jiran ruwa.

Arzika ne mai ƙara. Dogo ne, ya rame har rigarsa kamar a jikin sanda aka rataye ta. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, kwarin ga na ubana na. Gamba ta bayanshi ta bi."

Bawa ya zabura. "Ta gabanshi ta bi! Kai da ka gudu ka bar ƙasa, kai za ka komo ka gwada muna iyaka?"

Arzika bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na gudu da ɗiya bakwai. Na komo da biyar."



Kowa ya kawo shaidu biyu. Na kalli yatsun ƙafarsu ɗaya bayan ɗaya, ban ga na maƙaryaci ba. Wannan ce matsalar: kowa ya tuna gambar daidai inda cikinsa ke so. Da na rasa abin yi, sai na yi abin da na ga manya na yi a birni. Na gyara murya na ce, "An ɗage shari'a zuwa mako biyu. Kafin nan kada wanda ya sa ƙarfe a kwarin nan. Wanda ya saɓa, ɗauri." Na buga hatimi.

Arzika bai tashi ba. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, shi hadarin an kai mai sammaci? Ya san da mako biyun ga?"

Aka yi 'yar dariya, gajeriya. Na ce in ya ƙara za ni rufe shi don raina kotu. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Akwai masinjan kotu, Ɗanjimma, dattijo ne, tsohon manomi, shi ke kai sammaci a kan keke. Da mutane suka watse ya tsaya yana kaɗe buzu, ya ƙi tafiya.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ka taɓa shuka?"

Na ce, "Ni gidan malamai na tashi."

Ya ce, "Ya nuna." Sannan ya ci gaba. "Shamuwa ta sauka jiya bisa tsamiyar kasuwa. Ruwa na hanya. Bana ƙasa ta ƙone, in ruwan farko ya sauka, danshinshi kwana ɗaya na, in ya yi yawa biyu. Matar Arzika ta ɓoye iri ƙwarya guda cikin tulu, ta toshe baki da laka. Ɗiyanta na kukan yunwa ba ta fasa tulun ba. Tudun gonarshi ya mutu, kwarin ga kaɗai ya rage mai. In ruwan ya wuce irin ga na cikin tulu, to ka yanke mai hukunci, Malam, kuma ba ka yi mai i'izari ba."

Maganar ta shige ni, amma ni sabon alƙali ne, kuma na riga na buga hatimi. Na ce masa aikinsa kai sammaci ne, ba fatawa ba.

Kwana uku bayan haka, ana idar da azahar, iska ta tsaya cik. Ko ganye ba ya motsi. Na leƙa gabas, sai na ga ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa. Ban gama kallo ba Ɗanjimma ya faɗo kotu yana haki.

"Sun fita, Malam! Gida biyun duka! Bawa da ɗiyanshi uku da gatari, Arzika da surukanshi, ɗaya da baka!"

Abu biyu ke gabana. In aika a kamo su bisa umurnina, kwarin ya kwana ba shuka, gida biyu su shiga wata shekarar hannu wofi. Ko in zauna, kafin la'asar a kawo mini gawa. Na dubi sau-cikina. Na buɗe akwati na zaro takalman Malam Mu'azu.

A bayan keken Ɗanjimma na tafi, na rungume babban littafi, buzu a kafaɗa. Rawanina ya warware yana bin mu kamar wutsiya. Ke Luba, rufe bakin nan, ina ganin haƙoranki. Rabin hanyar ma rairayi ya kama taya, muka sauka muka tura. Duk sanda na waiwaya, hadarin ya ƙara tasowa.

Da muka isa na tarar da su sahu biyu suna fuskantar juna, kwarin a tsakani. Matar Arzika na tsaye a baya, ta fasa tulun, irin na cikin ƙwarya a kanta, ta riƙe da hannu biyu. Na ratsa tsakiya, na shimfiɗa buzu a kan rairayi mai zafi na zauna. Ɗanjimma ya ɗaga murya ya ce kotu ta zauna.

Bawa ya ce, "Malam, kada mu ɓata lokaci. A ba ni rantsuwa."

Yana da hujja. In shaidu sun yi kunnen doki, wanda abu ke hannunsa shi ke rantsewa ya riƙe. Hanya ce halattacciya, kuma gajeriya, ga hadari na ruri. Amma ina ganin surukin Arzika ya sa kibiya a tsirkiya, bai ja ba tukuna. Na san in Bawa ya rantse, kafin in rufe littafi surukin zai ja.

Ina buɗe baki ke nan sai wata murya ta tsage daga bayan sahun Bawa.

"Ba ka rantsewa!"

Wata tsohuwa ce ta ratso da sanda, ta tanƙware kamar lauje. Inna Hajo, mahaifiyar Bawa. Ashe ta biyo su tun daga gida tana jan ƙafa.

Bawa ya ce, "Inna, don Allah koma gida."

Ta ce, "Ni da ubanka munka dasa gambar ga, kana goye ga bayana. Ni da na dasa ban tuna inda ta bi ba, kai ɗan goyo za ka rantse? Ba ni binne ka saboda taku ashirin." Sannan ta juyo kaina. "Kai yaro mai rawani, ba a gaya ma gamba ba ta mutuwa ba? Kanta ka mutuwa. Tushen na nan ƙasa. A tona."

Ba a taɓa kirana yaro a kotu ba, kafin nan ko bayan nan. Na dubi fuskokin mutanen, sai na gane duk sun san haka. Kowa tsoron abin da ramin zai nuna yake. Ga shi kuma ni da kaina na hana a sa ƙarfe a wurin. Ni kaɗai ne a filin nan ban san gamba ba, kuma ni ne alƙali.

Na ce a tona. Nan take aka fara wata gardamar: in ɗan Bawa ya tona, Arzika bai yarda ba, in surukin Arzika ya tona, Bawa bai yarda ba. Aka yi tsawa ta farko. Na tuɓe babbar riga na miƙa wa Ɗanjimma, na ce a ba ni fartanya.

Daga inda Bawa ya ce iyaka take na fara, ina jan rami in ratsa kwarin. Na tona kamu guda, ba komai sai rairayi. Na matsa gaba. Ba komai. Ban yi taku biyar ba tafin hannuna ya tashi, ya fashe, ƙotar fartanya ta yi santsi. Iska mai sanyi ta taso, ta kawo ƙamshin ƙasar da ta jiƙe a wani wuri. Mutanen da suka shekara biyu suna jiran ƙamshin nan suka fara motsi.

Babban ɗan Bawa ya ce, "Ruwa na zuwa, Malam na wasan ƙasa!" Ya yi taku ɗaya da gatari. Surukin Arzika ya ɗaga baka. Ɗanjimma ya shiga tsakani ya ɗaga babban littafin kamar garkuwa, yana cewa, "Wanda ya taka ramin ga ya taka kotu!" Ni dai ban ɗaga kai ba. In na ɗaga, na san ba za ni iya sake sunkuyawa ba.

Tsohuwar na bina da sanda tana cewa, "Zurfafa, yaro. Rairayi ya hau. Tona kamar ka ci abinci."

Na wuce taku goma. Na wuce tsakiyar kwarin. Zuciyata ta fara cewa tsohuwar nan ta ruɗe, na jawo wa kaina abin kunya, kuma za a yi kisa a kan ramin da na haƙa. A taku na goma sha biyar fartanya ta ce ƙas.

Na sa hannu na yaye ƙasar. Wani baƙin dunƙule ne, girman kan mutum, saiwoyi sun kama ƙasa ta ko'ina. Tushen gamba.

Sai da na miƙe na ga inda muke, kuma a nan ne na fara jin tsoro na gaske. Na ce muku daga layin da Bawa ya nuna na fara, wato can gefen Arzika, ina tahowa wajen gonar Bawa. Taku goma sha biyar ɗin da na tona duk na Arzika ne ke nan. Biyar suka rage wa Bawa.

Ɗan Bawa ya ce, "Tushe ɗaya ba iyaka ba ne!"

Na ce, "Gaskiyarka." Na tambayi Inna Hajo tazarar da suka bari sanda suke dasawa. Ta ce babban taku guda. Na ce mutum ɗaya daga kowane gida ya zo su tona tare, kafaɗa da kafaɗa. Duk tushen da ya fito, Ɗanjimma ya kafa kara a kai. Biyu. Uku. Na huɗu ya ƙi fitowa, har aka fara hayaniya, sai aka same shi ya ɗan karkata hagu. Da aka kai bakwai, ko makaho ya shafa kararen ya san layi ne. A lokacin ɗigon farko ya faɗo a kan littafi, ƙato, kamar an jefo tsakuwa.

Na koma kan buzu, hannuna na jini. Na juya ga Bawa.

"Bawa, kana da sauran magana?"

Gatari na hannun ɗansa, kibiya na kan tsirkiya, ruwa na ɗiga ɗai-ɗai. Ya tako a hankali har bakin ramin farko, ya tsuguna, ya ɓalli saiwa guda ya karya ta. Cikinta fari ne, da ɗan danshi. Ya daɗe yana kallonta. Ya dubi mahaifiyarsa. Ita ko kallonsa ba ta yi ba.

Ya ce, "Babu."

Sannan ya juya ga ɗansa. "Aje gatarin ga. Ɗauko sungumi."

Na yanke hukunci a kan layin kararen, na janye hanin da na yi. Ina rubutawa sama ta buɗe. Tawada ta bi shafin kamar an zubar da miya. Ba wanda ya nemi mafaka. Muka tsaya a filin nan ruwa na dukanmu, tsohuwar ma ta ƙi a rufe ta. Da ya tsagaita, kafin rana ta faɗi, sungumi na tashi a gefe biyu na kararen. Arzika na sara, matarsa na binsa tana zuba iri tana rufewa da diddige. Na lura da hannunta: ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi a wajen rami ba.

Kada ku zaci an gode mini. Arzika ko sannu bai yi mini ba, kuma yana da gaskiya, kwana uku na sa shi cikin wuta a banza. Bawa kuwa bai ƙara gaishe ni ba har aka ɗauke ni daga garin. Da mai duba kotuna ya zo ya buɗe littafin, ya ce shafin nan ba ya karantuwa. Na ce ya je gonar, an sake dasa gamba, can ake karanta shi. Ya rubuta mini gargaɗi. Tun daga ranar, in shamuwa ta sauka, ban ƙara ɗage shari'ar gona ba. Takalman taya uku na cinye bayan wannan kafin in yi ritaya.

Daminar ma ba ta cika ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, tudu ya ƙone kamar bara. Kwarin ne ya yi. Taku biyar ɗin Bawa sun ba shi irin baɗi da ɗan abin kunu. Yaran Arzika kuwa biyar ne ran da aka shuka, biyar ne ran da aka yi girbi.

*

Sanusi ya sunkuya yana kallon takalman kamar za su yi masa magana. Sai kakan ya buɗe tafin hannunsa na dama ya miƙo mini har hanci. A gindin yatsun akwai tabo uku, farare, sun shige cikin tsufan fata. Sau dubu na karɓi alawa daga hannun nan ban taɓa ganinsu ba.

Ya ce, "Amarya, kina da sauran magana?"

Uwata na raye, ku tambaye ta: tun da aka haife ni ban taɓa rasa ta cewa ba.

Na ce, "Babu."